Haladu Firi da Sabuwar Bas ɗin Hajiya Gaje

Wani direba ne aka yi a tashar Saminaka, sunansa Haladu. Amma in ka shiga tashar ka ce Haladu kawai, sai a yi ta kallonka. Ka ce Haladu Firi, ko mai sayar da rake zai nuna maka inda yake. Ba ma sai an nuna maka ba, muryarsa za ta kai ka. Ɗan siriri ne mai gashin baki, da baƙin tabarau wanda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Allah ya ba shi baki, shi kuma bai taɓa barin bakin ya huta ba.

In ya zauna a teburin mai shayi, to, sauran direbobi sun koma 'yan kallo. Shi ne ya taɓa yin tsere da jirgin ƙasa, ya riga shi isa, har ya sha rake yana jiransa. Shi ne ya wuce tireloli a jere a kan kwana, da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓare gyaɗa. Bel a wurinsa igiyar ɗaure akuya ce. Madubi na masu kwalliya ne. In aka yi masa maganar sigina kuwa, sai ya kaɗa kai ya ce, "In gaya wa na bayana inda zan bi? Ai na tona wa kaina asiri."

Sunan Firi kuwa daga wata ɗabi'a tasa ya samo shi. Hanyar Jos yake bi, kuma dawowa daga Jos yawancinta gangare ce. Da zarar Haladu ya hau kan tudu, sai ya mayar da giya firi, wato ya raba inji da taya, ya murɗa makulli ya kashe motar, ya zare shi, ya miƙa wa fasinjan da ke bayansa.

"Riƙe min wannan," in ji shi. "Ba na bukatarsa sai mun isa ƙasa."

Mota ta yi ta gangarawa, fuuu, ba ka jin komai sai kukan ƙarafa da salatin fasinja. Shi kuwa yana fito. In an isa ƙasa ya karɓi makullinsa, ya buga ƙirji, ya ce ko ɗigon mai bai ƙona ba.

Abin da ya sa yake sha da wannan wauta, motar tasa akwala ce da ya gada daga ubangidansa, kuma tun da ya fara tuƙi bai taɓa riƙe sitiyarin wata ba. Ƙarfen da ke kulle sitiyari in an zare makulli ya karye tun kafin ta shigo hannunsa. Birkinta kuma da inji da babu inji duk ɗaya ne, sai an yi ta bugawa kamar ana kirɓa sakwara. Haladu ya ɗauka haka aka ƙera kowace mota a duniya.

To, akwalar nan ta zo gargara. Da safe maƙwabta gudunsa suke, don sun san tura mota za a sa su. Matarsa Ladidi ma ta ce ita aure ta zo yi, ba turi ba. A tasha in layi ya zo kansa, sai fasinja su tuna suna da sauran sayayya a kasuwa. Yana ta cika baki a waje, amma a ransa abin na damunsa ƙwarai, don da motar nan yake ci da gidansa.

Ana cikin haka sai Hajiya Gaje ta sayi sabuwar bas. Hajiya Gaje 'yar kasuwa ce, dankalin turawa take sarowa daga Jos. Mace ce mai jiki, mai ƙarancin magana, wadda ba ta son ɓarna ko ta ƙwayar gero. Bas ɗin fara sol, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ta ce direba take nema, kuma mutum biyu aka kawo mata: Haladu, da wani dattijo Malam Sallau.

Malam Sallau shi ne mutumin da Haladu ya fi rainawa a tashar. Kafin ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya duba taya, ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya goge madubi. Ba ya amsa waya yana tuƙi. In ya ji barci sai ya tsaya ya wanke ido, ko fasinja na zaginsa.

"Sallau?" in ji Haladu a teburin shayi. "Sallau in ya ɗauko ɗanyen tumatir daga Jos, kafin ya iso nan ya zama kauɗa."

Aka yi dariya. Dariyar nan ta hau masa kai. Ranar bai kwana da akwalarsa ba, ya kira 'yan gwangwan ya sayar musu. Suka zo da guduma da kurfi suka farfasa ta a ƙofar gidansa, maƙwabta na hamdala. Ya je kasuwa ya sayo ɗinkakkiyar farar shadda da sabon takalmi, don a cewarsa sabuwar mota ba ta son tsohon kaya.

Mai shayi ya ce masa, "Haladu, da ka bari an danƙa maka makullin tukuna."

"An riga an ba ni," in ji Haladu. "Hajiya ce kawai ba ta sani ba tukuna."

Hajiya ta kira su biyun gidanta. Ta ce, "Gobe za ni Jos sarin dankali. Ɗaya ya kai ni, ɗaya ya dawo da ni. Ina kujerar gaba ina kallo. Wanda hankalina ya kwanta da shi, shi zai riƙe motar."

Nan take Haladu ya lissafa abinsa. Tafiya hawa ce, mota za ta sha mai. Dawowa gangare ce, filinsa. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi murya ƙasa-ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ai Malam Sallau yayana ne a sana'a. Kunya ba za ta bar ni in taɓa sitiyari kafin shi ba. Ya kai mu, ni in dawo da mu."

Hajiya ta dube shi ta ce, "Ashe kana da ladabi."

"Shi ne kaɗai abin da na gada, Hajiya."

Da safe suka haɗu. Akwai mutum na huɗu a tafiyar, Kawu Cindo, ƙanin mahaifin Hajiya, wanda zai je duba wani tsohon abokinsa. Tsoho ne tukuf, ba haƙori a bakinsa, cikin babbar riga da 'yar ciki da wando buje. An san shi da riƙon amana har abin ya yi yawa. Ka ba shi ajiyar allura, sai ka yi rantsuwa kafin ya maido maka.

Malam Sallau ya yi zagayensa na kullum, ya shiga, ya ɗaura bel, ya ce Hajiya ma ta ɗaura. Ta ɗaura. Ya yi bisimilla, ya kunna sigina, ya hau titi. Haladu na baya yana tsaki ciki-ciki.

Da suka fara hawan tudu sai suka cim ma wata tirela tana nishi. Malam Sallau ya bi bayanta a hankali, ya ƙi wucewa sai da suka fita daga kwana ya ga hanya sarai. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, ko kallonta bai yi ba. Haladu ya yi hamma mai ƙarfi, ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Hajiya, allurar man nan sauka take yi, ko idona ne?"

Hajiya ta duba. Lalle ta sauka. Ta ɗan ɗaure fuska. Haladu ya koma ya jingina, daɗi ya cika shi. A ransa har ya fara tunanin abin da zai sa a rubuta a bayan bas ɗin.

A Jos aka yi ciniki, aka loda buhunan dankali har suka cinye kujerun baya. Bayan azahar aka kama hanyar gida. Kawu Cindo ya zauna daidai bayan direba. Malam Sallau ya samu wani ɗan lungu can baya tsakanin buhuna ya takure. Haladu ya hau kujerar direba, ya gyara tabarau, ya ture bel gefe.

"Ba ka ɗaura bel?" in ji Hajiya.

"Sabuwar shadda ce, Hajiya. Yamutsa ta zai yi."

Ya ja mota. Gaskiya hannunsa ya faɗa, wannan ba a hana shi ba. Amma duk abin da ya gani a gaba sai ya danna masa ham, ko akuya ce, ko mai keke, ko rami. Yana tuƙi yana ba Hajiya labarin jirgin ƙasa. Hajiya na cewa, "Uhm."

Suka iso kan tudun da direbobi ke kira Gangaren Gwauro. Gangare ne dogo miƙaƙƙe, gonakin masara hagu da dama, sai can ƙasa hanya ta yi kwana ta hau wata siririyar gada a kan rafi. Damina ce, rafin ya cika. Nan Haladu ke jira tun jiya.

"Hajiya, dubi allurar nan da kyau," in ji shi. "Daga nan har ƙasa, ko ɗigo motarki ba za ta sha ba."

Ya mayar da giya firi. Ya murɗa makulli, inji ya yi tsit. Ya zare, ya kaɗa shi a sama don kowa ya gani, ya miƙa baya.

"Kawu, riƙe min wannan. Amana ce. Sai mun isa ƙasa."

Daga cikin buhuna Malam Sallau ya ce, "Haladu, mayar da makullin nan. Wannan motar ba irin taka ba ce."

"Malam Sallau, da kake naka tuƙin wa ya sa maka baki?"

Shi kuwa Kawu Cindo, da ya ji an ce amana, bai yi wata-wata ba. Ya ɗage babbar riga, ya ɗage 'yar ciki, ya lalubo zariyar wandonsa inda yake ɗaure makullin ɗakinsa, ya zura na motar, ya yi ƙulli, ya ƙara ƙulli a kan ƙulli, ya ja da iya ƙarfinsa. Ya sauke riguna, ya ɗora hannu a kan ciki.

Bas ta fara gangarawa, sumul, ba ƙara ba jijjiga. Haladu ya fara fito. Sai ga ɗan rami a gaba. Ya ɗan karkata sitiyari don ya kauce.

Ƙaras.

Sitiyari ya tsaya cak. Ya murɗa dama, ya ƙi. Ya murɗa hagu, ya ƙi. Fiton ya mutu a bakinsa. Ya taka birki, ya ɗan kama. Ya saki ya sake bugawa, yadda ya saba yi wa akwalarsa, ya sake bugawa. Sai birkin ya sandare, kamar ya taka kututture. Nauyin dankali kuwa na turo motar daga baya.

"Haladu, lafiya?" in ji Hajiya.

"Lafiya lau, Hajiya. Motar ce take ɗan gwada ni." Ya juya kai kaɗan. "Kawu, miƙo makullin."

"Yanzun nan ka ce sai mun isa ƙasa."

"Na fasa."

"Ba a fasa magana a kan amana, yaro."

"Kawu, don girman Allah, miƙo."

Kawu Cindo ya yi ƙwafa, ya sa hannu ƙarƙashin riga ya fara lalube. Ƙullin ya ƙi. Ya sa farce, ya ƙi. Ya sunkuya zai sa haƙori, ya tuna babu.

"Ya cije," in ji shi.

"To kwance zariyar gaba ɗaya."

"A gaban 'yata zan kwance wando? Kai wane irin mara tarbiyya ne?"

Gumi ya karyo wa Haladu har tabarau na zamewa. Ya ɗaga ido, ga kwana can tana matsowa, ga gada, ga rafi ya yi jawur yana tumbatsa. Motar kuma ta fara cin gefen titi, tana ƙara gudu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya manta da jirgin ƙasa, ya manta da tireloli. Birkin hannu na nan dab da cinyarsa, amma ko kallon wurin bai yi ba. Akwalarsa ba ta da shi, rami ne a wurin, inda yake zuba ɓawon gyaɗa.

Malam Sallau na ta kiran sunansa daga baya yana faɗa masa abin yi. Kunnen Haladu ya toshe. Abu ɗaya kawai ya gani, shi ne mariƙin ƙofa. Ya fizge shi, ya rufe ido, ya yi tsalle.

Facal. Ya faɗa cikin kwatar gefen hanya, wadda ruwan jiya ya cika da taɓo.

Hajiya ta dubi kujerar direba, wayam, ƙofa na lilo. Ta waiga baya.

"Malam Sallau, direban ya sauka."

"Na gani, Hajiya. Ƙarfen nan da ke gefenki na hagu, kama shi. Ja shi sama a hankali, kar ki fizga."

Ta kama da hannu biyu.

"Ƙara. Yauwa. Ƙara kaɗan. Riƙe shi haka."

Tayoyin baya suka yi ƙiii. Bas ta rage gudu, ta sauka daga kwalta, ta kutsa gonar masara, ta yi ta hawa kunya tana sauka, gwaram, gwaram, gwaram, har ƙasa mai laushi ta riƙe ta. Ta tsaya. Bel ya riƙe Hajiya a kujerarta. Kawu Cindo ya kife a kan wani buhu, hannunsa na cikin riga har yanzu. Dankali ya watse ko'ina. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Kafin ka ce me, manoma sun yo kansu da gudu. Motocin da ke wucewa suka tsattsaya, kuma cikin rashin sa'ar Haladu har da na 'yan tasharsu. Aka kewaye bas ana barka, ana tambayar ina direba.

Direba na can sama cikin kwata. Ya tashi zaune ya tofar da taɓo. Farar shadda ta koma kalar kunun kanwa. Takalmi ɗaya ya tafi, tabarau saura ido ɗaya. Ya leƙa ƙasa da fargaba, sai ya hango bas tsaye garau, Hajiya ta fito tana gyara mayafi. Ya yi hamdala har cikin zuciyarsa, don da wani abu ya same su bai san inda zai sa kansa ba. Hamdalar na wucewa kunya ta rufe shi. Ya dubi daji, ya ji kamar ya shige ya yi ta tafiya. Sai ya tuna ba shi da mota a gida, ya tuna Ladidi. Dole ya sauka, kuma dole ya sauka da magana.

Yana waige-waige sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton dutse a bakin kwatar. Nan dabara ta faɗo masa. Ai duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar mota ya san waji, dutsen da ake cusawa ƙarƙashin taya don kar mota ta gangara. Ya rungumi dutsen, ya yi nishi, ya ɗora a ka. Ya kama gangarowa yana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, wuyansa na rawa.

"Ku ba ni hanya," yake cewa. "Ku ba ni hanya, aikin gaggawa ne."

Mutane suka dare. Ya iso yana haki, ya jefar da dutsen, tim, a gaban tayar da ta riga ta nutse cikin ƙasa har rabi. Ya tura shi da ƙafa ya gyara masa zama. Ya miƙe ya share taɓon fuska.

"Alhamdu lillahi, na iso a kan lokaci. Hajiya, da na ga birki ya ƙi, sai na ce ba zama ne ya kama ni ba. Shi ne na yi maza na sauka in samo waji."

Can wani direban tasharsu ya ce, "Haladu, motar na gudu za ka sa mata waji?"

"Niyyata in riga ta isa ƙasa in tare ta. Dutsen ne ya yi min nauyi."

Wani manomi ya fara, ƙyal-ƙyal, sai kowa ya fashe. Har da masu riƙe ciki, har da wanda ya zauna a kan kunya yana share hawaye. Hajiya Gaje kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Kallonsa kawai take yi, tun daga tabarau har ƙafar da ba takalmi.

Sai ga Kawu Cindo ya fito daga bayan masara, inda ya je ya ɓuya ya kwance ƙullinsa cikin mutunci. Yana riƙe da wando da hannu ɗaya, makulli a ɗayan.

"Ga amanarka, yaro. Mun iso ƙasa."

Haladu ya miƙa hannu da sauri. Hannun Hajiya ya riga nasa. Ta karɓa, ta juya, ta sa a tafin Malam Sallau.

Aka taru aka tura bas ta koma kan titi. Aka tsince dankali. Hajiya ta ba mai gonar haƙuri, ta sa aka sauke masa buhu guda. Malam Sallau ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashinta, ya shiga ya ɗaura bel. Kawu ya shiga. Hajiya ta shiga ta rufe ƙofa.

Haladu ya matso jikin tagarta, ya rage murya yadda ba wanda zai ji, amma kowa ya ji.

"Ranki ya daɗe, ni ko a baya ma zan zauna. A kan buhu."

Hajiya ta sauke gilashi. Ta dube shi, ta dubi dutsen da aka bari a gona.

"A'a, Haladu. Ka sha wahala kafin ka samo dutsen nan, bai kamata ya tashi a banza ba. Ɗauko shi ka kawo bakin titi, ka zauna a kai ka jira mota."